Yadda Bunchuai Ya Bi Jirage Zuwa Suvarnabhumi

Shekara da shekaru Bunchuai yana gasa kaji a gindin gadar ƙafa da ke kallon filin jirgin Don Muang, amma bai taɓa yarda cewa gasa kaza ce sana'arsa ba. Shi a ganinsa mai hangen nesa ne da zamani ya ajiye a bakin gawayi. Da safe zai shimfiɗa jarida a kan tebur, ya danne ta da kwalbar miyar kifi, ya karanta wa direbobin tasi da 'yan dako labarin duniya, sannan ya faɗa musu abin da zai faru gobe. In ya faɗa daidai, unguwa ba ta hutawa da jin zancen. In ya kuskure, sai ya ce duniya ce ta makara. Matarsa Lamduan kuwa tana can ciki tana dakan kwaɗon ɗanyar gwanda, kuma kowa ya san turminta ne ke jawo mutanen Udon da Ubon da Khon Kaen, masu jiran jirgin gida, su hayo gada su zo cin shinkafa mai danƙo kafin a kira su.

Da aka sa ranar kwashe jirage kaf zuwa sabon fili can gabas da birni, Bunchuai ya ji kamar shi aka yi wa albishir. Ya daɗe yana cewa hakan za ta faru, ko da yake jarida ce ta fara faɗa masa.

"Wurin nan ya mutu," in ji shi. "Ku ba shi damina biyu, ɓauna za ta yi kiwo a kan titin jirgin nan. Mai hankali jirage yake bi."

Lamduan ta ce, "Baban Kratae, mu fa mutane muke ciyarwa, ba jirage ba."

"Mutanen a ƙafa suke zuwa?"

Ta koma kan turminta. Ta san in ya hau wannan dokin, sai ya gaji don kansa yake sauka.

Shagon suka bar wa ƙaninta Thawin, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba sai ranar da kejin kurciyarsa ya faɗo. Kurciyoyi yake kiwo don gasar kuka, sauran lokacinsa kuma na benci ne. Ya karɓi shagon ne kawai saboda bai ga abin da zai sa mutum ya naɗe katifarsa ya bi jirgi ba. Ranar sallama Bunchuai ya tara maƙwabta, aka ci aka sha, ya tashi ya yi jawabi mai tsawo a kan masu gani da masu barci, sannan ya miƙa wa Thawin kyauta a naɗe cikin jan ƙyalle. Lauje ne sabo.

"Na yankan ciyawa ne, in ta fara shigo maka shago."

Aka yi ta dariya. Thawin ya juya laujen, ya gwada kaifinsa da babban yatsa, ya ce, "Na gode, mijin Yaya. Zan ajiye shi da kyau."

Sabon shagon yana Lat Krabang, a bakin wani titi mai faɗi, inda in ka tsaya a ƙofa kana hango wutsiyoyin jirage a bayan shingen waya. Bunchuai ya riga ya gama lissafinsa: Turawa za su zo, kuma Bature ba ya shiga inda bai iya karanta allo ba. Ya kira tsoho Kuang mai fenti, ya ce a rubuta sunan filin da haruffan Turawa, manya, ja a kan fari. Kuang ya tambaye shi yadda ake rubutawa. Bunchuai, wanda ya tsinci haruffan nan tun yana yaro a jikin kwalayen sojojin Amurka a Udon, ya rufe ido ya faɗi sunan a hankali kamar yadda kowa ke faɗa, ya bi shi harafi harafi. Da yamma allo ya hau: SUWANNAPOOM.

Sati bai cika ba 'yarsu Kratae ta zo daga jami'a. Ta tsaya a bakin titi da jakarta a kafaɗa, ta daɗe tana kallon sama.

"Baba, wane gari ne wannan?"

"Ke ba kya karatu ne?"

Ta ɗauko biro ta rubuta masa a bayan hannunta: SUVARNABHUMI. Ya kama hannun ya kai shi wajen haske.

"Wannan harafin mai kama da bakin almakashi fa, daga ina? Mu ba mu da shi a baki."

"Haka ake rubutawa. Daga tsohon harshen littattafai sunan ya fito."

"Wannan na ƙarshe kuma? Wa kika taɓa ji ya ce 'mi'?"

"Ba a faɗarsa, Baba. Rubuta shi kawai ake yi."

"To aikin me yake yi a wurin?"

"Yana nan dai."

"Kamar kawunki Thawin ke nan," in ji Bunchuai, ya ji daɗin maganar har ya maimaita wa Lamduan sau biyu. Amma ya sake kiran Kuang. Tsohon ya shafe allo, ya fara daga hagu da ƙarfin zuciya, da haruffa masu ƙiba irin na farko, bai ankara ba sai da ya kai M ya ga katako ya ƙare. Suka tsaya su biyu suna kallon abin. Daga baya Kuang ya hau tsani ya zana ɗan siririn harafin ƙarshe a jikin bututun ruwan sama da ke gefe. Bunchuai ya ce ba laifi, wanda ba ya magana ai ko a waje aka zaunar da shi ya isa.

Turawa ba su zo ba. Ba wanda ya zo, in ban da leburorin da ke gina wani otal da direbobin manyan motoci jefi-jefi. A Don Muang mutum gada kawai zai haye ya ganka. A nan kuwa jirgi na wucewa ta kan rufinka har kwanuka su yi ƙara, amma ƙofar filin tana can wata uwa duniya, sai ka yi ta zagaye a mota, kuma wanda ya shiga ciki ba ya fitowa neman kaza. Bunchuai ya ce abu ne na lokaci. Ya rage yawan kajin da yake sarowa, ya ce don su fi samun kulawa.

Bature ɗaya tak ya taɓa tsayawa. Wani dogo ne da rana ta gasa wa wuya, a motar da ya ɗauko haya, gumi na zuba. Ya sauke gilashi ya ce, "Su-var-na-bu-mi?"

Bunchuai ya fito yana goge hannu, zuciyarsa fari ƙal. Sunan dai bai taɓa jinsa ba. Ya yi kama da na wani haikali, ko na wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Ya girgiza kai cikin ladabi. Baturen ya sake faɗa da ƙarfi, sannan ya buɗe hannuwansa biyu ya karkata su kamar mai shawagi. Nan take Bunchuai ya gane. Ya koma da gudu ya zaɓo fukafukan kaza mafi kyau, ya naɗe su a ganyen ayaba, ya haɗa da shinkafa, ya miƙa ta taga. Mutumin ya dubi ƙunshin, ya dubi agogonsa, ya karɓa kamar wanda aka ba jaririn da ba nasa ba, ya biya, ya ja mota ya nufi hanyar da ba ita ba.

"Kin gani ko? Sun fara zuwa," Bunchuai ya ce wa matarsa.

Lamduan ta fito da taɓarya a hannu. Ta nuna allon da ita, daga farko har bututu, a hankali.

"Karanta shi yadda aka rubuta, har da na wajen."

Ya karanta. Ya sake karantawa, leɓɓansa na motsi. Sai ya shiga ciki ya ce zai duba gawayi, ya daɗe bai fito ba.

Ana cikin zafin bazara rediyo ta faɗi cewa za a sake buɗe Don Muang, a mayar da wasu jiragen cikin gida can, wasu kuma su ci gaba da tashi daga sabon filin. Bunchuai yana juya kaza lokacin. Ya kasa kunne ko taɓaryar Lamduan za ta tsaya, ba ta tsaya ba, sai ma ya ji kamar ta ƙara nauyi. Da ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi, don ya tanadi amsa.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan acaɓa ya kawo saƙo a naɗe cikin jan ƙyalle.

"Thawin mai kurciya ne ya aiko ni. Ya ce a gaishe ka, ciyawar ba ta samu fitowa ba saboda ƙafafun mutane. Ya ce ko za ka fi shi buƙata."

Bunchuai ya dubi gaban shagonsa. Ciyawa ta kai gwiwa a gefen kwata. Ya jira ɗan acaɓan ya ɓace, sannan ya durƙusa ya yanke ta, kuma dole ya yarda laujen mai kyau ne, don shi ya zaɓe shi da kansa.

Ba a jima ba Thawin ya bugo waya yana kuka da cewa mutane sun hana shi kwanciya, kuma duk wanda ya ɗanɗana kwaɗonsa sai ya tambayi ina Yaya take. Lamduan ta ce za ta je ta taimaka masa na kwana biyu. Ta tafi da turminta. Bunchuai ya lura da haka. Mai zuwa kwana biyu ba ya ɗaukar turmi.

Da damina ta kusa, babban ɗan Thawin ya yi niyyar shiga haikali ya yi zaman zuhudu, kuma a ƙauyensu na Udon za a yi bikin. Bunchuai, a matsayinsa na mijin babbar gwaggo, yana cikin waɗanda za su fara yanke gashin yaron kafin a aske shi. Kratae ta ce wannan karon ba mai shiga motar haya ya karya baya, ta saya wa iyayenta tikitin jirgi. Mutumin da ya tsufa a ƙarƙashin jirage bai taɓa shiga ko ɗaya ba, kuma ya tabbatar duk ƙauyen sun ji cewa ta sama zai zo. Ya sayi sabuwar riga mai ruwan ƙwai.

Kratae ta kawo masa takardarsa, washegari kuma ta bugo waya.

"Baba, ka duba filin da aka rubuta ko?"

"Ni za ki koya wa filin jirgi? Jirgin Udon kullum da safe ta kan rufina yake bi. Na san wutsiyarsa kamar yadda na san fuskarki."

"Kamfanin yana tashi daga duka biyun, Baba. Naka..."

"Kaza na ƙonewa," ya ce, ya kashe.

Ya dai duba takardar, kada a ce bai duba ba. A ƙasa ya ga an rubuta DON MUEANG. Ya yi tsaki. Wannan suna kam ba mai yi masa gardama a kai. Rabin rayuwarsa yana kallonsa a kan allo, haruffa takwas, babu wani E a ciki. Takardar da ba ta iya rubuta sunan unguwarsu ba, ita ce za ta faɗa masa inda zai tashi? Ya yanke hukunci cewa adireshin ofishinsu ne suka buga, shi ma ba daidai ba. Har ya ji tausayin Lamduan da za ta sha doguwar hanya daga shagon Thawin, shi kuwa ga fili a bayan gida.

Ya ajiye akori-kurarsa a wurin ajiye motoci, ya shiga da sabuwar riga da jaka. Bai taɓa shiga ciki ba sai ranar. Rufin ya yi tsawo har ya ji kamar ya cire takalmi. Ya bi layi, ya miƙa takarda da hannu biyu. Yarinyar da ke kan tebur ta duba, ta ɗago da fuskar wadda ta saba faɗin wannan magana.

"Kawu, yi haƙuri, jirginka daga Don Mueang yake tashi. Na Udon da ke nan wani ne daban, kuma ya cika."

"Haka ne," in ji Bunchuai. "Na sani. Na biyo ne kawai."

"In ka yi sauri, Kawu, wataƙila..." Ta dubi agogo, ba ta ƙarasa ba.

Yana juyawa ya ji ana faɗa wa wata tsohuwa irin maganar a tebur na gaba. 'Yar ƙarama ce, da kwalin kayan zaƙi a rungume, za ta Khon Kaen ganin jika. A bayanta ga wani soja matashi mai zuwa Ubon, shi ma ya yi tsuru-tsuru da takarda a hannu. Abin mamaki, sai Bunchuai ya ji tsohuwar muryarsa ta dawo.

"Matsalar mutane ke nan, ba sa duba takarda," ya ce wa tsohuwar. "Ku biyo ni, Inna, ina da mota. Hanyar nan a tafin hannuna take."

Sai da suka hau titin sama, tsohuwa a gaba, soja a baya da jakunkuna, sannan ta dube shi da kyau, ta dubi rigar.

"Ɗana, kai me ya kawo ka filin? Rakiya ka yi?"

Ya wuce wata babbar mota, sannan ya amsa.

"Ni ma ban duba ba, Inna. Wato na duba, sai na ga na fi takardar sani."

Ta yi dariya har kwalin na rawa a cinyarta, ta buɗe ta sa masa ɗaya a baki, tunda hannuwansa na kan sitiyari.

Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu. Ya ƙyale ta har sai da cunkoso ya tsayar da su cak, ba sauran uzuri.

"Baban Kratae, kana ina? An fara kira."

"Ina hanya."

"Wace hanya?"

"Hanyar dai. Ke kina ina?"

"Ina inda takarda ta ce." Ya ji ta rufe bakin wayar tana magana da wani, sai ya jiyo dariyar Thawin, irin ta mutumin da ba ya gaggawa ko a dariya. Ta dawo. "Ka ci wani abu kuwa?"

"Na ci."

"To ka tuƙa a hankali. Jirgi ba zai dawo don ka kashe kanka ba."

Suna gangarowa titin Vibhavadi ya ji ƙarar. Bai buƙaci ɗaga kai ba, amma ya ɗaga. Jirgin ya taso daga bayan gine-gine, ya karkata arewa, da matarsa da ƙaninta da kujerarsa ta gefen taga.

"Naka ne?" tsohuwar ta tambaya.

"Nawa ne. Yana da kyau, ko?"

Da suka isa filin, ita da sojan sun samu nasu, don nasu na gaba ne. Sojan ya karɓi lambar wayarsa, ya ce abokansa da yawa sun sha wannan wahalar, kuma tasi ba ta yarda ta ɗauki mutum da kaya irin nasu cikin sauƙi. Da suka shige, Bunchuai ya tsaya a bakin mota ya ɗaga kai ya dubi babban allon filin. E na nan a tsakiya, sabo fil, ya fi 'yan'uwansa haske. Wani tsohon direban tasi da ya san shi tun da can ya matso yana murmushi.

"A'a, mai ɓauna ne da kansa. Ka zo duba kiwon?"

"Yaushe suka ƙara wancan harafin?"

"Tun da aka sake buɗewa. Wai haka ya fi daidai. Ba ka karanta a jarida ba?"

Bai tsaya neman wani jirgi ba. Ya cire sabuwar rigar ya ninke, ya sha mai, ya kama hanyar arewa a akori-kurarsa. Ya kwana a wani gidan mai bayan Korat. Kafin ya isa ƙauyen an riga an aske yaron tun jiya, wani kawu ya yanke gashin a madadinsa, kuma ana cikin zagaya haikali da kiɗa, mata na rawa a gaba, yaron cikin fararen kaya a kafaɗun abokansa.

Ya hango Thawin yana tahowa da faɗin baki, ya san in ya bari labarin ya fito daga can, har ya mutu ba zai dawo hannunsa ba. Don haka ya riga shi. Ya zauna a tsakiyar tabarma ya ba da shi da kansa, tun daga allo da bututu da fukafukan Bature har E ɗin da ya ƙaryata, yana kwaikwayon muryar kansa yana cewa "Ni za ki koya wa filin jirgi?" Mutane suka yi ta riƙe ciki. Thawin ya yi ƙoƙarin sa baki sau biyu, aka ce ya bari mai abu ya faɗa.

Gwaggo Thongsuk, yayar surukarsa, wadda kunnenta ya daɗe da yin nauyi, ba ta ji ko ɗaya ba. Ta jawo hannun rigarsa.

"Bunchuai, an ce ta sama ka zo. Yaya jirgin? Da sauri kamar yadda ake faɗa?"

Ya sunkuya ya ɗaga murya a kunnenta. "Da sauri ƙwarai, Gwaggo. Har ya riga ni isowa da kwana guda."

Ta gyaɗa kai cikin gamsuwa, ta ce abin zamani sai kallo, ta tura masa kwandon shinkafa.

Da rana ta yi sanyi ya sami Lamduan a gindin tsamiya tana wanke kwanuka. Ya tsuguna yana karɓa yana kifewa. Ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, ita fa a Don Mueang za ta zauna. Thawin ya ce a raba shagon, shi dai a bar masa bencinsa. Bunchuai ya kife kwano biyu kafin ya yi magana. Ya ce yana tunanin kashe wutar shagon Lat Krabang, ya sa benci biyu da rumfa a bayan motar, ya riƙa kwaso waɗanda suka ɓata fili daga can zuwa nan, daga nan zuwa can. Ya ce da alama suna da yawa, kuma shi ya san yadda fuskarsu take tun daga nesa.

"Ka tabbata abin zai yi?"

Ya buɗe baki, ya rufe. "A'a. Ban sani ba."

Ta ɗago ta dube shi, da kumfa har gwiwar hannu.

"To a gwada," ta ce. "In ka sauke su da rana ka hayo gada ka ci abinci."

Daga can rumfar biki Thawin ya ƙwala masa kira, wai ƙanƙara ta ƙare, kuma a duk ƙauyen shi kaɗai ne ya yi dabarar zuwa da mota. Bunchuai ya goge hannu a wando, ya tambayi Lamduan hanyar kasuwa, ya tsaya ta gama kwatancen har ƙarshe kafin ya tafi.